Lamunin Malam Shu'aibu

Kaporal bai jira shayi ya nuna ba. Ya zaro bindiga daga ƙugunsa, ya ajiye ta a kan tiren kofuna, ya ce duk wanda bai shirya jin magana ba ya tashi tun yanzu. Babu wanda ya motsa. Ina ma za su je? Su uku ne a kangon da ke bayan garejin makanikai a unguwar Bololo, rana ta yi la'asar, kuma a cikinsu babu wanda wani aiki ke jira a duk faɗin Njamena.

Sunan Kaporal na yanka Abdulnasir. Ya taɓa sa kaki, aka sallame su da yawa a shekarar da aka ce baitulmali ya bushe, ya fito da baƙin rai da bindiga ɗaya da ba a tuna an tambaye shi ba. Buba ɗan kilando ne a da, wato ɗan acaɓa, har ranar da aka kwashe babura a wani kame, nasa bai sake dawowa ba. Na ukun shi ne Junaid, wanda suke kira Farfesa don tsokana. Digiri gare shi a fannin tattalin arziki. Shi ne zai zaunar da kai ya warware maka dalilin da ya sa babu aiki: ƙasa ta jingina da man fetur, man ya faɗi, gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata, kamfanonin 'yan ƙalilan ne kuma ɗan wane suke nema, makarantu kuwa ba su fasa amayo matasa duk shekara ba. Duk ya sani. Sanin bai taɓa saya masa ko sabulun wanka ba.

Da fizgen babura suka fara, a unguwannin bayan gari. Junaid gadin hanya kawai yake yi musu, yana lallashin kansa da cewa hannunsa bai taɓa ƙarfe ba.

"Alhaji Salihu," in ji Kaporal. "Mai siton sukari da fulawa a unguwar Paris-Congo. Ɗan Najeriya ne, bai yarda da banki ba. Cinikin mako a siton yake kwana, ranar Juma'a a ƙetarar da shi kogi. Abin da ban sani ba shi ne wane ɗaki, wace ƙofa, wa ke riƙe da makulli."

Buba ya ce a sa ido daga waje mana. Kaporal ya yi masa kallon banza, ya juya wajen Junaid.

"Kai za ka shiga, Farfesa. Ɗauki takardunka ka je neman aiki. Ai shi kaɗai ka iya."

Buba ya bushe da dariya. Junaid bai yi ba, don maganar ta soke shi, kuma gaskiya ce. Kaporal ya ce a garin nan babu mahaluƙin da ido ke tsallakewa kamar saurayi mai wankakkiyar riga da ambulan a hammata. Mai gadi ba ya caje shi, mai kuɗi ba ya riƙe fuskarsa. Za a bar shi a kan benci har ya gama nazarin ƙofofi, sannan a ce masa "kidime mafi", babu aiki, ya fito ya kawo labari. Junaid ya tsani mutumin nan har cikin ransa, amma ya ce to.

Washegari da hantsi ya je. Ya tarar da Alhaji Salihu zaune a kan buhun sukari yana ɓare gyaɗa, siririn mutum mai saurin baki. Ya karɓi ambulan ɗin, ya yi fifita da shi, ya miƙa masa abinsa ko buɗewa bai yi ba. Ya ce yana neman wanda zai riƙe masa shigar kaya da fitarsu, don na da ya gudu haƙar zinariya a arewa, amma shi takarda ba ta dame shi ba.

"Wa zai tsaya maka?"

Haka Alhaji yake ɗaukar mutum, haka kuma manyan 'yan kasuwar Hausawa da yawa suke yi a garin. Ba a sa hannu a komai. Dattijo ne zai tako da ƙafarsa, ya sa hannunsa cikin na maigida a gaban shaidu, ya ɗauki lamunin yaro. In yaro ya yi ɓarna, dattijon ake kamawa.

A nan ya kamata Junaid ya ƙago wani suna, ko ya ce ba shi da kowa, ya tashi ya yi gaba. Ya riga ya ga abin da aka aiko shi gani. Amma shekara da shekaru yana yawon ofisoshi, ba a taɓa yi masa tambaya ta biyu ba. Yau ga wani yana kallon idonsa yana jiran amsa. Kafin ya ankara bakinsa ya faɗi sunan ubansa.

Alhaji ya daina tauna. "Malam Shu'aibu na unguwar Ambassatna? Mai ajiyar amana?"

Shi ɗin ne. Kakan Malam Shu'aibu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna. Zuri'arsa ba su gaji komai ba sai gidan ƙasa da suna. Fatake kan bar kaya da kuɗi a zauren Malam, su yi tafiya mai nisa, su dawo su tarar da abinsu yadda suka ɗaure shi.

Junaid ya fito da niyyar ba zai faɗa a gida ba. Bai san Alhaji ya riga ya aika ba. Da gari ya waye ya tarar da tsohon a zaure cikin rigarsa ta Sallah, ya shafa turare, yana jiransa. Malam bai yi masa dogon zance ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi Allah ya ji kukan uwarsa, su tafi kada rana ta yi.

A gaban leburori da Shafi'u mai karɓar kuɗi, tsohon ya sa hannunsa cikin na Alhaji.

"Alhaji, ga ɗana. In ya ɗauki allura a gidan nan, kada ka wahalar da kanka nemansa. Ni za ka nema."

Aka shafa fatiha. Junaid ya shafa tare da su.

Abin haushin shi ne aikin ya yi masa daɗi. Ya so ƙurar fulawa a gashin idonsa, ya so ihun direbobi, ya so gajiyar da ke kwantar da shi tun bayan isha. A unguwa mutane sun daɗe da daina ce masa "ya aiki" in suna gaisawa, don kada su kunyata shi. Yanzu sun dawo suna ce masa, yana amsawa da ƙarfi. Innarsa ta koma ajiye masa tuwo a kwano mai murfi irin na magidanta. Shafi'u kuwa, mutum mai yawan surutu da ya sa wa 'yarsa ta fari Khairiyya yake kuma ba kowa labarin haƙorinta, ya ɗauke shi aboki, kullum tare suke cin wake da shinkafa a bakin sito.

Da ya ga abin na neman zama gaske, sai ya koma Bololo ya ce wa Kaporal a bar maganar. Ya ce ɗakin kuɗin ƙarfe ne, ya ce akwai ido da yawa, ya ce ba lallai ma a sami abin kirki ba. Kaporal ya bar shi ya gama ƙaryarsa tas.

"Sun ba ka kujera ka manta da mu ke nan."

"Babana ne ya tsaya mini, Kaporal. In wani abu ya faru shi za a kama."

"Ni na aike ka da babanka?"

Buba ya tofar da yawu, ya ce dama ya faɗa, ɗan boko ba a shiga rami da shi. Shi kam ya gaji da kallon matarsa tana aro garin masara a maƙwabta, wani kuma na nan yana ƙiba a kan sukari. Junaid ya ce masa ya rufe baki. Buba ya miƙe. Kaporal ya daka musu tsawa, suka zauna suna hararar juna.

Sannan Kaporal ya sassauta murya, kuma sassaucin nasa ya fi tsawar ban tsoro. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko dai gobe Alhaji ya ji labarin baburan da ɗan Malam ya yi wa gadi, unguwa ma ta ji. Ko kuma ranar Juma'a, lokacin da leburori suka fita alwala, Junaid ya zare sakatar ƙofar baya ya koma mazauninsa. In sun shigo ya kwanta rubda ciki tare da kowa, ya yi kuka in yana so. Babu wanda zai san da hannunsa. Aikinsa na nan, babansa na nan, rabonsa kuma na nan.

Junaid ya kwana yana juya maganar, har ya gamsar da kansa cewa ita ce hanyar da za ta tsirar da tsohon. Mai ilimi in ya tashi yaudarar kansa ya fi kowa iyawa.

Ranar Juma'a rana ta buɗe da zafi. Wajen azahar lasifikokin masallatai suka fara, leburori suka ɗauki butoci suka fita bakin titi. A ciki saura Alhaji, da Shafi'u da ke ɗaure kuɗin mako cikin jaka a ƙaramin ɗaki, da Junaid. Ya tashi kamar zai zaga. Ya zare sakatar. Ƙarfen ya yi 'yar ƙara. Ya dawo ya zauna.

Bai daɗe da zama ba ƙofar ta buɗe.

Mutum biyu, fuska naɗe da rawani irin wanda rabin garin ke naɗawa saboda rana. Ido kawai ake gani.

"Ƙasa! Kowa ƙasa!"

Junaid ya zube. Alhaji ya ɗaga hannu yana salati, Buba ya sa ƙafa ya kwashe shi — tim! — ya faɗi a kan buhuna. Kaporal ya wuce kai tsaye ƙaramin ɗakin, bai ko yi ɗar ba, kamar a gidan aka haife shi.

"Gurus! Kuɗin! Miƙo jakar!"

Shafi'u ya rungume ta. Wawan kirki, kuɗin da ba nasa ba. Ya ce su ji tsoron Allah, yau Juma'a. Kaporal ya kama madaurin jakar ya ja. Shafi'u ya ja. Ya buɗe baki zai yi ihu —

Tau!

Ƙarar ta cika siton. Fulawa ta tashi daga buhun da harsashin ya huda bayan ya ratsa mutum. Shafi'u ya zame a jikin bango ya zauna, idonsa a buɗe.

Junaid ya cusa fuskarsa a ƙasa. Ya gama, ya ce a ransa, yanzu za su fita, yanzu za su fita. Sai ya ji takalmi ya tsaya daidai kunnensa. Hannu ya cafki wuyan rigarsa ya ɗaga shi tsaye. Kaporal ya manna masa jakar a ƙirji, ya ɗaga murya yadda Alhaji zai ji kowace kalma, da Hausa tsantsa.

"Riƙe, Junaid. Aikinka ya yi kyau. Mu je."

Da gangan ya yi. Tun ranar da Junaid ya zo da maganar a fasa, Kaporal ya yanke cewa ba zai bar mai irin wannan zuciyar a baya ba, ya zauna da 'yan sanda suna yi masa tambayoyi. Wanda aka ambaci sunansa a gaban maigida ba shi da sauran wurin zuwa sai inda aka ja shi.

Alhaji Salihu ya ɗago kai daga kan buhuna. Bai zage shi ba. Kallonsa kawai ya yi, ya ce, "Ɗan Malam?"

Bindiga ta taɓa haƙarƙarin Junaid. Ya bi su.

Babura biyu a lungun baya. Buba a kan ɗaya shi kaɗai, Kaporal ya tuƙa ɗayan, Junaid a bayansa da jaka. Suka fita a guje. Leburori sun ji harbi, sun zubar da butoci, suna ihun ɓarayi da Larabci da Hausa. Duwatsu suka fara sauka.

Kaporal ya tsara komai, ya manta abu ɗaya: ranar Juma'a titi ba na masu abin hawa ba ne. Suna shan kwana suka ci karo da sahu, tabarmi daga bango zuwa bango, mutane sun cika hanya maƙil. Kaporal ya taka birki, ya karkata, ya faɗa wani siririn lungu. Buba da ke gaba ya makara. Ya yi ƙoƙarin juyawa, tayar baya ta ja tabarma, babur ya kwanta da shi.

Ya miƙe yana ɗingishi. Ya zaro wuƙa yana juyawa. Motar 'yan sanda da ke gadin masallacin tana nan a tsaye, ba su ma sha wahalar binsa ba.

Tau! Tau!

Junaid ya waiga sau ɗaya. Ya ga rawanin Buba a warware a ƙasa, jama'a sun rufe sauran.

"Kada ka sake waigawa!" in ji Kaporal. "Riƙe jakar!"

Lungu ya ba su lungu, kwata ta fantsama musu, awaki suka watse. Suka ɓulle ta ƙasan gari inda ƙetaren kogi ya zama Kamaru. Wani masunci da Kaporal ya saya yana jira da kwalekwale a cikin ciyayi. Suka tura babur cikin ruwa, suka kwanta a cikin jirgin aka lulluɓe su da koma mai ƙarnin kifi. Kafin la'asar suna wata bukkar masu yin bulo da aka yi watsi da ita a ɗaya gaɓar, masuncin ya ɗaure jirginsa ya tafi ƙauye nemo musu abinci.

A can cikin gari kuwa, jami'in da aka ba binciken bai ɓata man motarsa wajen bin kogi ba. Ya daɗe a aikin, ya san yadda Hausawan kasuwa ke ɗaukar yara. Ya dubi gawar Shafi'u, ya dubi sakatar da aka zare daga ciki, ya yi wa Alhaji tambaya ɗaya: wa ya kawo yaron? Alhaji ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan Malam Shu'aibu.

Junaid ya kunna wayarsa a bayan bukka lokacin da Kaporal ke wanke fuska. Nan take ta yi ƙara. Innarsa ce. Ba kuka take ba, muryarta a bushe take kamar ba tata ba. Ta ce 'yan sanda sun zo sun tafi da Malam daga zaure, a gaban almajirai da jama'ar unguwa, ko takalmi ba su bar shi ya sa ba. Sun ce zai zauna a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, har ɗansa ya bayyana. Ta ce bai sha maganin hawan jininsa ba.

"Junaidu, da gaske ne abin da suke faɗa?"

Ya buɗe baki zai yi magana. Kaporal ya fizge wayar ya wurga ta cikin kogi.

"Haukacewa ka yi? So kake su biyo mu?"

"Sun kama babana."

"To sai me? Tsoho ne, za su gaji da ciyar da shi su sake shi."

Junaid ya san ƙarya ce, Kaporal ma ya sani. Ɗakin tsare mutane a wannan zafin, jiki a kan jiki, saurayi ma da ƙyar yake fita da ƙafarsa. Junaid ya ce zai koma. Ya ce ba zai ambaci sunan kowa ba, zai ce shi kaɗai ne da marigayi Buba. Ya ce ya bar wa Kaporal rabonsa duka, jirgin kawai yake so.

Kaporal ya yi dariya marar daɗi. Ya ce kowa haka yake cewa kafin a rataye shi a fanka. Ya ce shi ma yana da uba a da, talauci ya kashe shi a layin asibiti, babu wanda ya tsaya masa. Wane ne Malam Shu'aibu da za a fasa tafiya saboda shi? Sai kuma ya dubi kogi, ya dubi dajin da ke bayansu, ya ce to shi ke nan, Junaid ya je ya kwance jirgin.

Saurin yardar ne ya tona shi. Junaid ya taka zuwa bakin ruwa. Ya sunkuya kamar zai kwance igiya, hannunsa ya sauka a kan filafilin tuƙi. A bayansa ya ji ɗan ƙaramin sautin ƙarfe.

Ya juyo da dukkan ƙarfinsa.

Tau! — wuta ta tsaga masa kafaɗa. Filafilin ya sami Kaporal a gefen kai. Ya durƙusa. Bindigar ta faɗi cikin laka. Ya miƙa hannu zai lalubo ta, Junaid ya sake sauke masa. Ya sake. Ya sake. Yana dukan yana zagi, zagin da bai san ya iya ba, na Kaporal da na ofisoshi da na masu gadin da suka kore shi da na kansa. Da ya tsaya, babu sauran abin da ke motsi a bakin ruwan sai shi.

Mutumin da ke taƙamar hannunsa bai taɓa ƙarfe ba ya zauna a laka ya yi amai. Sannan ya ɗauki jakar ya jefa a jirgi. Da hannu ɗaya ya tuƙa, ruwa na jan sa ƙasa, jini na bin hannun rigarsa. Abin da ke ransa ɗaya ne: ya mayar da jakar yadda take, ya miƙa kansa, tsohon ya kwana a gida.

Wasu masu kaki da ke sintiri a gaɓa suka tare shi tun bai gama fitowa ba. Ya ɗaga hannun da ke ɗaguwa, ya faɗi sunansa, ya ce ga kuɗin Alhaji Salihu, a kai shi inda aka tsare ubansa. Suka karɓi jakar. Suka kwantar da shi da gindin bindiga, suka jefa shi a bayan mota. Da aka isa komisariya aka gabatar da shi, babu wanda ya ambaci wata jaka. Ya yi magana, aka ce ɓarawo ne yake neman shafa wa ma'aikata kashin kaji. Ya sake magana, aka fasa masa baki.

An saki Malam Shu'aibu da safe. Ta gaban ɗakin da Junaid yake aka wuce da shi, ƙafa ba takalmi, rigarsa ta yi baƙi. Junaid ya kama ƙarfen ƙofa ya kira shi. Tsohon bai juyo ba.

Sauran labarin a gidan yari ya riƙa iske shi, guntu-guntu, daga bakin masu kawo abinci. Dangin Shafi'u sun nemi diyya kamar yadda aka saba a ƙasar, Kaporal da Buba kuwa ba su bar komai ba sai gawa, don haka nauyin ya faɗo a kan gidan da ke da suna. An sayar da gidan Ambassatna, wanda kakan Malam ya gina da hannunsa. Inna ta koma wajen ƙaninta. Fatake sun zo ɗaya bayan ɗaya sun kwashe ajiyarsu, suna sunkuyar da kai. Matar Buba ta bar gari da 'ya'yanta. A kasuwa kuma dattawa sun janye hannu, duk saurayin da ya je roƙon a tsaya masa sai a ce ya je ya tambayi Malam Shu'aibu yadda ta kaya. Samari da yawa da ba su san hawa ba su san sauka ba sun rasa ƙofar da ta rage musu, suna zaune a bakin titi suna tsine wa Junaid, kuma suna da gaskiya.

Abu ɗaya ne ba wanda ya gaya masa.

Bayan wasu watanni alƙali ya sa a kai shi siton, ya nuna yadda aka yi fashin daki-daki, kamar yadda shari'ar ƙasar ke yi kafin hukunci. Aka sauke shi daga mota da ankwa. Unguwa ta taru. Wata mata ta tofa masa yawu, wani ya jefe shi da ɓawon kankana, 'yan sanda ba su hana ba. Alhaji Salihu na tsaye a bakin ƙofa, ya rame. Da suka haɗa ido ya kawar da kai, ya ce wa jami'in, ba Junaid ba, shi fa ya ce wa Malam Shu'aibu ya yafe, ya roƙe shi ya zauna a gida, ya ƙi. Dattijon ya ce kuɗin da ya ɓata a hannun ɗansa ya ɓata, kuma shi ba shi da abin biya sai jikinsa. Kullum shi ke riga kowa zuwa, ko sisi ba ya karɓa.

Junaid bai gane maganar ba sai da aka tura shi ciki.

Ana sauke fulawa daga babbar mota. Leburori na shigowa a jere, kowa da buhu a ka. Na ƙarshensu ya fi sauran jinkiri. Buhun a gadon bayansa yake, don wuyan ba zai ɗauka ba, ya tanƙware har gemunsa na neman taɓa gwiwa. Ƙafafun sirara, fari fat da gari, suna rawa a kowane taku. Junaid ya san ƙafafun nan. Ya sha zuba musu ruwan alwala.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ɗan sandan da ke riƙe da shi ya ja, bai motsa ba.

"Baba."

Tsohon ya tsaya, don an tare masa hanya. Bai ɗago ba. Ya gyara zaman buhun a bayansa, yana numfashi da ƙyar.

"Baba, na dawo da kuɗin. Wallahi na dawo da su. Don kai na dawo."

Leburori sun tsaya da buhuna a ka. Gumi na ɗiga daga goshin Malam Shu'aibu yana huda garin da ke ƙasa.

"Matsa," in ji shi. "Aiki nake."

Junaid ya matsa. Tsohon ya wuce shi a hankali, ya kai buhun inda ake jerawa, ya juya ya koma ɗauko wani.